An gyara zuciyata a Misira, ta Yaya Garba ta tsaya a gona

Assalamu alaikum. Shekara ashirin da wani abu ke nan ban ba da wannan labari cikakke ba. In an tambaye ni tabon da ke ƙirjina, sai in ce aiki aka yi mini kawai. Yau zan faɗe shi duka.

A 1998 ina tuƙa babbar mota, ina ɗaukar hatsi daga kasuwar Tsafe zuwa Gusau. Shekaruna arba'in da biyu. Ina shan taba sosai.

Ciwon ya fara ne da nauyi a ƙirji, kamar an ɗora mini buhun gero. In na hau mota ina ɗaure kaya sai ya taso, in na zauna ya lafa. Mai kemis ya ce olsa ce. Wata biyar ina shan maganin olsa.

Wata rana a tashar Tsafe ciwon ya sauko hannuna na hagu, ya hau muƙamuƙi. Gumi ya jiƙa mini riga. Na durƙusa a gindin taya, na kasa kiran kowa.

A asibitin Gusau suka manna mini wayoyi a ƙirji, wata na'ura ta zana layuka a doguwar takarda. Likitan ya daɗe yana duba ta.

"Malam Isa, wannan ba ciki ba ne. Jijiyoyin da ke kai wa zuciyarka jini ne suke toshewa."

Ya ba ni wata ƙwaya ta sawa a ƙarƙashin harshe, ya tura ni Zariya. Can ma suka ce magani zai riƙe ni na ɗan lokaci, amma aikin da nake buƙata sai an fita waje.

Na koma gida Furfuri na kwanta. Mahaifiyarmu, Inna, ta ce ba ta yarda a tsaga mata ɗa ba. Wana, Yaya Garba, manomi ne, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Ya zauna gabanta ya ce, "Inna, in munka bar shi nan, kallo za mu yi har shi tahi. Ki yi mai addu'a kawai."

Ya sayar da shanun nomansa da garken da ya yi shekaru yana tarawa. Aka sayar da motata. Shi ya raka ni Alƙahira.

Can suka zura mini siririn bututu ta cinya, suka ɗauki hoton jijiyoyin. Uku sun toshe. Likitan ya yi bayani ta bakin tafinta, bai ɓoye komai ba. Za su raba ƙashin ƙirjina. Za su tsayar da zuciyata, inji ya riƙe ni. Za su ciro jijiya daga ƙafata su yi wa jinin sabuwar hanya. Ya ce ina iya mutuwa a kan gadon aikin, ɓarin jikina na iya shanyewa, ƙoda na iya tsayawa.

Aka miƙo mini takardar amincewa da biro. Yaya Garba ya dafa takardar har na sa hannu.

Na farka da bututu a maƙogwaro, hannuwana a ɗaure. Ban iya magana ba. Tari kuwa, sai na rungume filo, ina jin kamar ƙirjin zai buɗe.

A kwana na uku na lura yatsun hannuna na hagu ba sa damƙe kofi. Suka ce ɗan gudan jini ne ya haura ƙwaƙwalwa. A mako na biyu ɗinkin ƙirjin ya yi ruwa, ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ni. Suka sake buɗewa suka wanke. Mutumin da ke gadon kusa da nawa, wanda aka yi mana aiki rana ɗaya, an fitar da shi a lulluɓe.

Mako bakwai muka yi. Yaya Garba ke ba ni abinci, shi ke kai ni bayi. Sau biyu na ga ya tsaya a tsakiyar matakala, ya dafe ƙirji. Na tambaye shi.

"Gajiya ce. Ban saba da bene ba."

Na yarda, domin ta kaina nake yi.

Muka dawo gida. Da damina ta faɗi, Yaya Garba ya shiga gona da fartanya, tunda babu shanu. Wata safiya aka same shi kife a tsakanin kunyoyi, rai ya yi halinsa.

Bayan addu'ar bakwai matarsa ta kawo mini wata 'yar kwalba da ta gani a aljihunsa. Ƙwayoyina ne na ƙarƙashin harshe. Ta ce tun kafin tafiyarmu yake fama da ƙirji. Ta roƙe shi ya nuna wa likitocin can, tunda asibitin za shi. Ya ce mata kuɗin da ke akwai na mutum ɗaya ne, kuma kada ta gaya mini.

Ban sake tuƙi ba. Hannun bai dawo daidai ba, ƙafar da aka ciri jijiya tana kumbura har yau. Kullum ina shan magani. Ina da rumfar hatsi a Bungudu, da ita na riƙe 'ya'yansa da nawa.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitocin Gusau, da na Zariya, da na Misira.

Shawarata gare ku: nauyin ƙirji da ke zuwa da aiki ya tafi da hutu, kada ku kira shi olsa sai likita ya auna zuciyar. Ku bar taba. Ku riƙa gwada hawan jini da suga. In za a yi muku aiki, ku tambayi haɗarinsa, ku tambayi abin da zai biyo baya. In an sami ciwon a jikin ɗaya, 'yan uwansa na jini duk su je a duba su.

Kuma in kana kwance wani yana jinyarka, ka dubi fuskarsa da kyau. In ya ce maka gajiya ce, kada ka tsaya a nan.

Wanda ya karanta, ya sa Yaya Garba a addu'a. Allah Ya jiƙansa.