Wasiƙar da Aka Ɗinke a Fata

Ƙarfe shida saura kwata na bar Gumel ranar Alhamis. Gwaggo Hansai, yayar mahaifina, ita ta aike ni daga kan gadon jinya. Tana so ta sani kafin ta cika: mahaifinta da ya tafi yaƙin Bama zamanin Turawa mutuwa ya yi, ko guje musu ya yi?

Sule Tankarkar

Bakwai da rabi ɗan acaɓa ya sauke ni a tsohon gidanmu na garin Sule Tankarkar. Baba Iro, mai gidan yanzu, ya ciro wata laya daga rufin ɗaki, ya miƙo mini da bakin riga, ya ƙi taɓa ta.

"Wasiƙarsa ce," ya ce. "Da masinja ya kawo ta, kakarku ta hana a buɗe. Wai takardar soja mutuwa kaɗai take kawowa, muddin tana rufe yana raye. Sai ta sa aka ɗinke ta."

Maigatari

Sha ɗaya na iso neman mai farke layar, kasuwa ta cika. Wani baduku ya farke ɗinkin yana bisimilla. Ga ambulan, ga kan sarki ja mai hoton Sarkin Ingila, ga hatimin Indiya, kamar jiya aka buga. Ni da nake yi wa tsofaffi dariyar camfi, ni ma sai da na yi bisimilla kafin na buɗe.

Da ajami aka rubuta: "Ina tafe bayan damina. Ciwo ya taɓa mini ƙafa da harshe. A tarye ni a tashar Gagarawa."

Gagarawa Tasha

Na ratsa Gumel ban iya leƙa gida ba. Ƙarfe uku na tarar da tasha shiru, ciyawa ta cinye layin dogo. Wani dattijo a gindin tsamiya ya saurare ni, ya daɗe yana dubana.

"Sojan nan bebe? Ina yaro ya sauka. Kwana tara yana zaune nan yana kallon hanyar Gumel. Nan ya rasu, mu muka binne shi, ba mu san sunansa ba. Har yau ba mai zama wajen." Ya tashi da ƙyar. "Taho ka ga kabarinsa, ɗana. Kun dai zo."

Gida

Da magariba na iso Gumel lafiya, na gode wa Allah da duk wanda ya taimake ni. Na durƙusa gaban Gwaggo.

"Bai guje ku ba, Gwaggo. Ya dawo har Gagarawa."

Ta ce, "To wa ya je taryensa?"