Sunan da Inna Ta Kasa Faɗa

Ranar wata Laraba ce, a daminar da na shiga aji huɗu na firamare, zamanin mulkin soja, Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Ina tsugune a garke ina riƙe wa kakata Inna ƙwarya tana tatsa, sai ga motar soja ta kutso ta cikin geronmu tana tattake shi. Mahaifina suka zo nema, wanda muke kira Baffa. Laifinsa kawai ya tumɓuke turakun da masu awo suka kafa a gonarmu ta bayan Yalwawa, wadda gwamnati ta ƙwace ba ko sannu. A gabanmu suka tuɓe masa riga, suka sa shi tsallen kwaɗo daga bakin rijiya har gindin dabino suna zabga masa bulala, ɗayansu har da ɗaga ƙwaryar nonon ya kafa kai. Mutumin da ban taɓa ganin kansa ba hula ba! Suka jefa shi mota kamar buhun dusa, suka yi gaba.

Inna ko ƙwalla ba ta yi ba. Baffa ɗanta ne na fari, mu kuma asalinmu Fulani ne, a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. "Wancan" take ce masa tun yana goye. Ta ci gaba da aikena yankan ciyawa da kora maruƙa, in na yi kuka ta ce, "Kuka ba ya ɗinke ƙwarya." Amma kullum sai ta dama furarsa ta rufe da faifai, ta yini har ta yi tsami. A makaranta kuwa yara suka bar langa da carafke, suka ƙirƙiro wasan soja: ɗaya ya riƙe tsumagiya, ɗaya ya yi tsallen kwaɗo a ce shi ne Baffana. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Aka yi girbi, babu wanda ya san inda aka kai shi. Sai aka ce baƙi na zuwa, jakadun ƙasashen waje, su ga yadda ake riƙon talakawa. Aka sa mu sharar titi, muka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, aka raba mana tutocin takarda. Malaminmu na lissafi ya lallaɓo gida ya ce wa Inna baƙin za su tsaya a makarantarmu, kuma gwamnati na jin kunyarsu, duk wanda suka tafi da sunansa ba a iya ɓatar da shi. "Suna kawai za ki faɗa, Inna," in ji shi.

Ranar ta ɗaura zanen saƙinta, ta kama hannuna, ta ratsa layin 'yan makaranta har gaban wata Baturiya mai furfura. Matar ta tsaya, ta dube ta da fuskar tausayi. Tafintan gwamnati, ɗan garin nan wanda ya san al'adarmu sarai, ya ce da Inna, "Tana tambaya wa aka kama miki, mene ne sunansa?" Ga maza cike da fili, ga dattawan unguwa. Ta buɗe baki, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Wancan." Na yunƙura zan faɗa, wani soja ya damƙi kafaɗata ta baya ya matse har numfashina ya ɗauke. Tafinta ya yi murmushi ya juya ya yi Turanci. Daga baya malaminmu ya gaya mana abin da ya ce: wai tsohuwa tana yi musu barka da zuwa. Baturiya ta riƙe hannun Inna ta girgiza, aka ɗauki hoto, aka tafa.

Sai da motocin suka tayar, jiniya ta cika gari, sannan Inna ta saki hannuna ta bi su da gudu, ɗankwalinta ya faɗi, tana ƙwala kira, "Usmanu! Sunansa Usmanu!" Ranar na fara jin sunan a bakinta. Gilasan motocin a rufe suke.

Kafin damina ta dawo aka kawo mana gawarsa a cikin bargo, aka ce zazzaɓi ne. Waɗanda suka yi masa wanka sun ga shatin bulala a bayansa. Baƙin kuwa, mun ji a rediyo sun yaba da tarbar da aka yi musu.

Yanzu gonar nan gidaje ce masu katanga, dabinon ma an sare shi. Abu kaɗan ya faru, yara sun ɗauka a waya, duniya ta gani kafin la'asar, sai in ce ina ma a lokacinmu ne. Ɗana na fari sunan Baffa ya ci. Dangi suka ce a yi masa laƙabi, na ce ba a gidana ba. Suna cewa ba ni da kunya, su yi ta faɗa. Ko a tsakiyar kasuwa ne, Usmanu nake kiransa, da ƙarfi.