Mushen da ya sa na ɗauki alli

Shekarun baya, da na baro Guci na shiga kolej a Magariya, can bayan aji nake laɓewa, ba na buɗe baki don kada a yi wa Faransancina dariya. Mushenmu, wato malaminmu na kimiyya, shi ne ya fara lura da ni. Wata rana ya sa muka ɗebo ruwan tafki a kwalba, ya ɗiga kaɗan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ce mu bi layi. Da na leƙa na ga ƙananan halittu suna iyo, ban san lokacin da na ce da Hausa, ashe abin da muke sha ke nan ba. Aji ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce ni kaɗai na fahimci darasin.

Daga ranar na liƙe masa. Tafiyarsa na kwaikwaya, da yadda yake riƙe alli, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana, alhali ni ko mura ba na yi. Mahaifina ya so in bi ƙanensa fatauci Najeriya, na ƙi, na ce malami zan zama. Kuma na zama. Aka tura ni wani ƙauye a yankin Mallawa.

Shekaru sun ja ban sake jin ɗuriyarsa ba. Wata ranar kasuwa na shigo Magariya, mai ya ƙare mini a moto, wato babur, na tsaya wajen wani dattijo mai sayar da esansi a kwalabe bakin hanya. Yana zuba mini na gane hannun, na Mushenmu ne. Na sauka na durƙusa. Sai da na tuna masa da ruwan tafki sannan ya shaida ni. Ya ce ya daɗe da barin aji. Muryarsa ta tafi, iyali sun yi yawa, koyarwar ba ta riƙe gida ba.

Ya tambaye ni sana'ata. Cikin alfahari na ce, "Mushe, koyarwa nake yi, kuma ku ne sila, don ku na ƙi faataucin da mahaifina ya so in yi."

Ya daɗe yana goge bakin kwalbar da tsumma bai ɗago ba. Can ya ce, "Ɗana, ka yafe mini. Da na bar ka ka bi maganar mahaifinka."

Ba na jin haushinsa. Har gobe ban ga malami kamarsa ba, kuma abin da ke karya mini zuciya ke nan: in shi can ya ƙare, ni fa? Yanzu akwai wata ɗaliba mai kaifin kai a ajina. Kwanaki ta ce mini malama take son zama. Na buɗe baki in yaba mata, na kasa. Cewa na yi ta koma ta zauna.