Kalmar da Na Ara Daga Littafi

A 'yan littattafan soyayya na Turanci da nake saye a kasuwar Tamale, duk sa'ad da saurayi ya nemi aure, sai a rubuta cewa budurwar ta yi demur. Shafi kaɗan gaba kuma sai biki. Don haka na ɗauka ma'anarta sunkuyar da kai cikin kunya, irin shirun da a wurinmu yake nufin an yarda.

Makon da za a sauke tutar Turawa, akawun da ke zuwa zance gidanmu a unguwar Changli ya tsaya a zaure, riƙe da kekensa. An yi masa canjin aiki zuwa Ankara, babban birnin ƙasarmu can bakin teku, ran Asabar zai tafi. Da Turanci ya tambaye ni ko ya turo manyansa wurin Baba.

Na sunkuya na ce, "I demur."

Ya daɗe yana kallona. "To, na ji," in ji shi. Ya ja kekensa, ko hawa bai yi ba.

Asabar ta zo, babu wanda ya yi sallama da Baba. Da sassafe na nufi unguwar Nyohini, wurin tsohuwar malamarmu, Bafantiya, mutuniyar kudu, mai Hausar kasuwa.

"Kai yarinya, ka kashe kanka!" in ji ta. "A'a ka ce masa. A'a mai ladabi, mai jan ƙafa, amma a'a ce."

Ta ce kalmar daga tsohon Faransanci ta shigo Turanci, asalinta jinkiri ne, mutum ya dakata. Lauyoyi suka riƙa tsayar da shari'a da ita, har ta zama ƙi. Wadda nake nufi, ta kunya, demure ce, tana da ƙarin harafi guda a ƙarshe.

"Motar Ankara ƙarfe nawa?" ta tambaya. Ban tsaya amsawa ba.

A tasha an riga an ɗaure kaya. Na hango shi a bencin baya, tsakanin buhunan doya. Masu goro duk sun san Baba, ga su zaune suna kallona. Direba ya tayar da inji.

"Malam!" Muryata ta fi yadda na so ƙarfi. "Ka turo manyan naka."

Ya leƙo, fuska ba fara'a. "Wannan kuma daga wane littafin?"

"Ba daga littafi ba ne."

Ya buga jikin motar da tafin hannu. "Direba, dakata! Sauke mini akwatina."