Lasisin Baba Mai Tirela

Baba Mai Tirela ya kama sitiyari tun gemu bai fito masa ba. Ya ja tankar mai, ya ja tirelar siminti, ya haye gadojin da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta taka su, kuma a faɗarsa bai taɓa buge ko kaza ba. Da gwiwa ta soma yi masa ciwo, babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, ta ɗauko shi da matarsa su zo su huta, su ga jikoki.

Hutu bai karɓe shi ba. Tagar falon tana kallon filin ajiye motoci, nan yake wuni a tsaye yana gyara wa mutanen da ba su jin sa fakin. "Karya kan motar, bawan Allah! Kai, wa ya ba wannan lasisi?" Surukinsa, mai aiki a kantin magani, ya ga abin zai zama ciwo, sai ya miƙa masa makullin tsohuwar ƙaramar motarsa. Nan da nan Baba ya warke. Shi ne kai jikoki makaranta, shi ne kai matarsa, Mama, cefane.

Ana nan, wata rana bayan an ci abinci, surukin ya yi gyaran murya.

"Baba, lasisinka na gida fa ya kusa daina aiki a nan. Baƙo in ya shekara, dole ya nemi na ƙasar."

"To, a canza mini mana."

"Akwai ƙasashen da ake canza wa nasu kai tsaye. Tamu ba ta ciki. Sai ka yi jarrabawa."

"Jarrabawar me?"

Surukin ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi kwano. "Ta tuƙi, Baba."

Baba ya yi dariya har da tari. Da ya ga shi kaɗai ke yi, ya miƙe ya shige ɗaki.

'Yar ta samo masa malamin tuƙi. Fita ɗaya suka yi, malamin ya dawo yana share gumi, ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin ɗalibin da ke ba shi maki ba. Baba ya rantse ba zai ƙara zama kusa da yaron da ko taya bai taɓa canzawa ba. Da yake an riga an tsara darussan, 'yar ta ce, "Mama, ke ki je, kada su tafi a banza." Mama, wadda ko keke ba ta taɓa hawa ba, ta gyara ɗaurin ɗankwali ta tafi. Baba ya bi ta da addu'ar Allah Ya tsare mutanen gari.

Tambayoyin kwamfuta ya haye su da ƙyar. Ranar tuƙi ya sa babbar riga, ya fesa turare. Mai jarrabawar mace ce siririya mai tabarau. Baba ya gaishe ta da ɗan yaren ƙasar da ya tsinta, ya tambayi maigida da yara. Ta ce ya tayar da mota.

A kwanar farko ya buɗe ya ci rabin hannun wasu, don a ransa har yanzu akwai doguwar tirela a bayansa. A alamar tsayawa ya leƙa ya ga ba kowa, ya wuce. Ya hango wata babbar mota, zumunci ya motsa, ya danna mata ham sau biyu, ya fitar da hannu ya ɗaga wa direban. Matar tana ta rubutu, Baba ya ɗauka yabo take tarawa. Da aka zo fakin da baya, ya taka burki ya juyo gare ta cikin ladabi.

"Ɗan sauka ki duba mini baya. In na kusa, ki buga bodin."

Ta cire tabarau ta dube shi. Ba ta sauka ba.

Ya faɗi jarrabawar. A gida ya ce matar ba ta son baƙi. Ba a daɗe ba Mama ta je gaban wannan matar dai, ta dawo da takardar cin jarrabawa a jaka, ta ajiye kan tebur, ta shiga kicin. Jikoki suka yi ta tsalle. Baba ya ce ai dama mata suna rufa wa juna asiri.

Wa'adin lasisinsa ya cika, ya koma kujerar fasinja. Abin ya ci masa rai fiye da yadda ya nuna. Mama na tuƙi, shi yana taka burkin da babu a ƙarƙashin ƙafarsa, yana salati, yana "Shige! Shige mana, ai ya ba ki hanya!" Rannan ta sa sigina, ta gangara gefen titi ta kashe mota.

"Malam, ko ka yi shiru, ko ga tashar bas can."

Ya dubi tashar, ya ga ana yayyafi, ya yi shiru.

Shirun ne ya sa ya fara kallo. Ya ga yadda take juya wuya kafin ta canza hannu, yadda take tsayawa cak ko titi ya zama fayau. Da suka iso gida bai buɗe ƙofa ba.

"Wai me matar nan mai tabarau take so ne?"

"So take ta ga kana dubawa."

"Ai ina dubawa!"

"Da wutsiyar ido kake yi, ita kuwa ba ta cikin idonka. Juya wuyan ta gani. Kuma ka sauke tirelar nan daga kanka, ta tsaya a gida."

Ya koma wurin malamin da ya kora, ya gaishe shi da hannu biyu. Da yamma kuma Mama ta zaunar da shi kan kujerar cin abinci, ta ba shi murfin tukunya ya riƙe a matsayin sitiyari, tana cewa dama, hagu, tsaya. Sharaɗinsa ɗaya, a rufe labule.

Karo na biyu ya juya wuya har sai da ya ƙage. Mai tabarau ta rufe littafinta ta ce ya ci, ta tambayi wa ya gyara masa hannu haka. Baba ya sosa ƙeya.

"Wata tsohuwar direba ce a unguwarmu."

A waje Mama na jira cikin mota. Ya nufi ƙofar direba yana kaɗa takarda, ta sauke gilashi ta yi masa barka da fara'arta.

"Zagaya, Malam. Mafitar nan tana da wuya, ba ta sabon direba ba ce."

Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Sannan ya zagaya.