Ki Ce wa Wancan Ya Dawo

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ambaci sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. In za ta ba shi abinci sai ta ce, "Ki miƙa wa wancan." In ya durƙusa ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Nakan tsokane ta in ce, "Inna, ko kin manta sunan ne in tuna miki?" Sai ta jefe ni da mafici.

Yaya marini ne a Ƙofar Mata. Hannayensa shuɗaye ne har gwiwar hannu, don ba sabulun da yake fitar da baba daga jikin wanda ya shekara ashirin a bakin karofi. Bayan rini ba abin da yake so kamar sizin, wato finafinan Turawan nan masu dogon zango da ake zubawa kashi-kashi a faifai guda. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, don haka ni da nake koyarwa a firamare na zama tafintarsa ta dole.

A shekarar da bama-bamai suka fara tashi a Kano aka sa dokar hana fita, muka wuni a gida muna kallon juna. Yaya ya ciro wani sabon faifai. Labarin wani mai gyaran agogo ne da 'yarsa ta fita wata safiya gada ta rufta da motar da ta shiga. Sai ya ƙera wani akwati mai kama da durowar kaya, in ya shiga ya rufe ya koma wannan safiyar. Sharaɗin akwatin ɗaya ne: kada yarinyar ta ji muryarsa. A kashi na farko ya ɓoye mata takalmi, ta ari na maƙwabciya ta fita. A na biyu ya sace iskar tayar motar, ta shiga wata. Yaya yana ta dariya yana cewa, "Wannan Baturen bai san ƙaddara ba!" Inna tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, ta ce mu dai ba mu da aikin yi.

Kashi uku muka kalla. Ranar da aka sassauta dokar, Yaya ya ce zai kai wa wani mutum shaddarsa da ya rina, can wajen gari. Ina tsugunne ina wanke-wanke ya wuce ni da ƙunshin a kafaɗa. Yana shiga soro Inna ta miƙe tsaye. Tana ganin bayansa, taku goma bai kai ba tsakaninsu. Ta juyo ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ki ce wa wancan ya dawo, hankalina bai kwanta ba."

Ni kuma na tsaya ɗauraye hannu, na tsaya neman mayafi. Kafin in leƙa lungu ya sha kwana. Na dawo na ce, "Ya yi nisa, Inna." Ban ma damu ba, wallahi. Har yau wannan ɗauraye hannun yake ci mini rai.

Da azahar muka ji harbe-harbe daga nesa. Yaya bai dawo ba. Wasu suka ce an kwashi mutane a mota, wasu suka ce sun ga gawarwaki a bakin titi. Kawunmu ya zaga duk inda ake tsare mutane da duk inda ake ajiye gawa. Ya ce da ni shi ba fuska yake dubawa ba, hannu yake ɗagawa, ya san ba zai ɓace masa ba. Wata uku yana ɗaga hannun 'ya'yan mutane, bai ga shuɗi ba.

Mata suna zuwa jaje suna cewa, "Allah ya bayyana shi." Wata tsohuwa ta yi suɓutar baki ta ce Allah ya jiƙansa, Inna ta tashi ta shige ɗaki ta bar ta zaune a tabarma. Ban da wannan ba wanda ya ga alama a fuskarta. Ana ta yabon haƙurinta, ni kuwa haushinta nake ji, ina ganin ko a wannan hali kunyar ta fi mata ɗan.

Wata rana da hantsi aka kawo wuta, sai ta ce, "Saka mana abin nan na wancan." Na ɗauka ban ji daidai ba. Matar da ko labarai ba ta kallo ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna gaban talabijin. Daga ranar duk sanda aka kawo wuta sai mu kalli kashi guda, ina fassara mata. Mai agogo ya kulle ƙofa, yarinyar ta fita ta taga. Ya mayar da agogon gidan baya, ta farka da wuri. Kowane kashi gadar nan sai ta rufta. Na fara yi mata ƙarya, ina cewa ai likitan ya ce za ta tashi. Inna ta ce, "Ke, ban iya Turanci ba, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Faɗa mini gaskiya."

A kashi na takwas ta tambaye ni, "Wai me ya hana shi ya kira ta kawai?"

Na ce, "Sharaɗi ne, Inna. In ta ji muryarsa shi ba zai ƙara komawa zamaninsa ba."

"To sai me?" ta ce. "Sai ya zauna can." Ta ƙara da cewa, "Waye ya kafa masa sharaɗin ma?" Nan na gane ba da mai agogo take ba.

Kashi na ƙarshe shi ne a bakin faifan, inda ya fi karcewa. Mai agogo ya gaji da dabaru. Ya tsaya a cikin gida yana kallon bayan 'yarsa ta nufi ƙofa, ya buɗe baki. Nan hoton ya tsaya cak. Na ciro faifan na huhhura, na goge da gefen zani, na shafa masa man goge baki kamar yadda Yaya yake yi. Sau huɗu ina mayarwa, sau huɗu yana tsayawa a wuri ɗaya: mutum baki buɗe, yarinya hannu a kan ƙofa. Na ce gobe zan bi masu sayar da faifai a baro in nemo wani. Ta ce in bari.

Ta daɗe tana kallon hoton. Sai na ji ta kira sunan Yaya. Da ƙarfi ta kira, irin kiran da za a ji har soro, har lungu. Sunan ya fito mata wani iri, kamar kalmar baƙon yare, don bakinta bai taɓa sabawa da shi ba. Ta sake kira. Ba abin da ya amsa sai ƙarar fanka.

Na kama hannunta ina kuka na ce, "Inna, laifina ne, ni na tsaya ɗauraye hannu."

"Ke na aika," ta ce, "alhali ina da baki."

Ta share fuska da bakin mayafi, ta ce in kashe talabijin ɗin, in je in gaya wa kawu ya sa a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida gobe da safe. Na tambaye ta me za a ce wa mutane. Ta sake faɗar sunan, a hankali wannan karon, ta ce, "Allah ya jiƙansa."