Ngo Ana Fabian, Mai Burukutun da Ba Ta Taɓa Kurɓa Ba

Asali da Haihuwa

An haifi Ngo Ana a shekarar 1951 a Gyel, kusa da Bukuru. Mahaifinta shi ne Da Dalyop, leburan haƙar kuza, mahaifiyarta kuwa Ngo Zipora, mai dafa burukutu (Da da Ngo laƙabin girmamawa ne a yankin, wato Baba da Mama). Zuriyar Dalyop ta shahara da abin da ake kira ƙarfin kai, wato namijinsu kan shanye ƙwarya goma ya hau keke ya isa gida lafiya, alhali abokan shansa suna kwance suna gaisawa da kaji. Da wannan baiwa gidan yake alfahari, ita ce kuma ta kai Da Dalyop da ƙannensa uku kabari da kumburarren ciki, babu wanda ya cika shekara hamsin.

Karatu da Koyon Sana'a

Ta yi karatu a makarantar mishan har zuwa 1965, lokacin da mahaifinta ya rasu, aka dawo da ita gindin tukunya. Bisa al'adar sana'ar, wajibi ne mai dafawa ta fara kurɓa a gaban masu saye, domin a shaida babu sammu a ciki. Ranar da tukunyarta ta farko ta nuna, mahaifiyarta ta miƙa mata ƙwarya ta umarce ta da ta sha. Ana ta shinshina, ta ji yawunta ya tsinke irin yadda bai taɓa tsinke wa nama ba, sai ta ajiye ƙwaryar ta ce, "Mama, ba ƙyamarsa nake yi ba. Sonsa nake yi, shi ya sa ba zan sha ba." An yi lallashi, an yi muciya, ba ta sha ba.

Aure da Iyali

A shekarar 1972 ta auri Fabian Rwang, wani tela a Gada Biyu, bayan ta tabbatar da idonta cewa rabin ƙwarya kan sa shi amai da waƙar coci. Ta sha faɗa cewa ba kyau ta bi ba, raunin kai ta nema wa 'ya'yanta.

Sana'a da Gwagwarmaya

Da yake ba ta da wata sana'ar da za ta kai yara makaranta, ta ci gaba da dafawa, tana dogara da hanci da kuma kunnen da take karawa a jikin tukunya. Sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba: yau ya fito kamar kunun jarirai, gobe kamar ruwan batir, har masu saye suka laƙaba wa rumfarta suna Gidan Caca. Wani direba ya taɓa ce mata, "Ngo, na yau ko mota ta sha za ta tashi." Ta ce, "To zuba mata, kai ka sha ruwa." Da yawa sun ƙaurace mata bisa zargin cewa mace ba ta gudun girkinta sai da dalili.

A shekarar 1998, saboda shekarunta da gaskiyarta, ƙungiyar masu dafa burukutu ta unguwar ta zaɓe ta shugaba. Sharaɗin rantsarwa kurɓa ɗaya ce. Ta riƙe muƙamin na tsawon minti ashirin.

Shekarun Tsufa

A 2016 autarta Hosana ta kammala digiri a fannin aikin gaɓoɓin jiki, ta zo mata da bayani. Ta shaida mata cewa masana sun ƙiyasta kusan rabin haɗarin kamuwa da jarabar giya gado ne, ba ta ƙwayar halitta ɗaya ba, ta tarin su. Cewa giya na sa ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari, dofamin, mai koya wa mutum ya koma ga abin da ya ji daɗinsa. Kuma wanda giya ba ta saurin kayarwa yakan sha da yawa kafin ya ji, har ƙwaƙwalwar ta saba ta riƙa nema da kanta. Wato ƙarfin kan gidan Dalyop tarko ne. Ngo Ana ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Shekara huɗu kina jami'a, abin da kika samo ke nan? Ni hancina ya gaya mini a rana ɗaya."

Rasuwa

Ta rasu ranar 9 ga Agusta, 2023, tana da shekara saba'in da biyu, bayan gajeriyar jinya da ba ta shafi hanta ba. An yi mata addu'a a coci, aka binne ta a Gyel kusa da kabarin mijinta. Ta bar 'ya'ya uku, Joshua, malamin makaranta, da Zipora, ma'aikaciyar jinya, da Hosana, da jikoki bakwai, dukkansu masu shan zoɓo.

A makon rasuwarta ta shaida wa 'ya'yanta cewa shekara hamsin da takwas, babu safiyar da ta buɗe tukunya ba ta yi marmarin kurɓa ba, kuma marmarin bai taɓa raguwa ba. Tsayuwar nan ta raba ta da rabin masu saye, da shugabanci, da yardar mahaifiyarta, wadda ta rasu ba ta sake shiga rumfarta ba.